Juwan kulas ya sake ƙonewa: me ke cin injinan motocin Maraɗi, Tibiri da Jiratawa?

Masu saurarenmu na karkara, da ƴan'uwa mazauna waje da ke bibiyar wannan shafi, sharhinmu na wannan mako ya shiga gareji ne. Da zarar bazara ta kankama, daga watan Maris zuwa Mayu, duk wanda ya bi hanyar Tibiri ko ta Jiratawa ba zai rasa ganin mota a gefen kwalta ba, an buɗe inji, tururi na tashi, yaron mota ya ruga da jarka neman ruwa, fasinja sun fake ƙarƙashin dogon yaro suna jiran ikon Allah. In aka ja ta zuwa gareji, hukuncin kusan guda ne: juwan kulas ya ƙone, abin da kanikawan Katsina da Kano ke ce wa gasket. A saya, a ɗaura, a biya, mota ta koma aiki. Bayan wata biyu ko uku sai ga ta ta dawo da cuta guda. Kuma duk inda ta kwana, da safe za ka tarar da tabon baƙin mai a ƙasa.

Mai mota ya ce bakanike ne bai iya ba. Bakanike ya ce kayan yanzu ne ba su da kyau. Mai shagon kayan gyara ya ce ai mai araha aka ce ya bayar. Ɗan'uwan da ke Libiya ko Abijan ko Legas, wanda shi ne ya aiko kuɗin gyaran farko da na biyu, ya fara zargin ko ana yi masa wayo ne. Kowa na da ɗan gaskiyarsa. Amma abin da ake yawan tsallakewa shi ne, juwan da ya ƙone alama ce ta wata cuta da ke can ciki, kuma muddin ba a taɓa cutar ba, sabon juwan ma layi ya shiga.

Bari mu fara da bayani saboda waɗanda ba su taɓa leƙa cikin inji ba. Inji gida biyu ne. Akwai na ƙasa, inda fistoci ke hawa da sauka, akwai na sama, wato kulas, wanda ke rufe shi kamar yadda murfi ke rufe tukunya. Tsakaninsu aka shimfiɗa wani siririn faifai, shi ne juwan. Aikinsa raba abu uku da ke wucewa kusa da juna: wutar da ke tashi in mai ya kama, ruwan da ke sanyaya inji, da baƙin man da ke sa ƙarafa su yi santsi. In ya huje, sai su gauraya. Shi ya sa za ka ga farin hayaƙi na fita ta salansa ko da inji ya ɗumama, ko ka zaro sandar awon mai ka tarar ya koma kamar shayi da madara, ko ruwan radiyata na kumfa, ko kullum kana ƙara ruwa ba ka ga inda yake zuba ba.

To me ke huda shi? Mafi yawan lokaci zafi ne. Galibin ƙananan motocin da ke yawo a garuruwanmu kulas ɗinsu na alminiyam ne, kuma alminiyam in ya sha zafin da ya wuce kima sai ya lanƙwashe. Ba lanƙwasar da ido ke gani ba ce. A injinan Toyota da yawa, littafin gyara bai yarda lanƙwasar ta wuce milimita 0.05 ba, wato kusan kaurin silin gashin kai. Da ta wuce haka, murfin ba zai sake zama daidai ba. Ka ɗora sabon juwan ƙarƙashin kulas da ya lanƙwashe, wani gefe ya matse, wani gefe ya bar kafa. Wuta kuwa kafa take nema.

Nan ne amsar tambayar “me ya sa yake sake ƙonewa” take. Ƙonewar farko zafi ne ya kawo ta. Ta biyu da ta uku, gyaran ne ya kawo su, ko dai don ba a gyara kulas ba, ko don abin da ya sa inji ya yi zafi tun farko yana nan daram.

Abin da ya sauya tun 2023

Wannan matsala ba ta yau ba ce, tun zamanin Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna direbobi suka san ta. Amma shekarun nan sun zo da abubuwan da suka ƙara mata ƙarfi, kuma yana da kyau a haɗa su wuri guda.

Na farko man fetur. Shekara da shekaru Maraɗi na tafiya ne da man Najeriya mai araha da ƴan ruwa-ruwa ke sayarwa a kwalabe da jarkoki bakin hanya. Ran 29 ga watan Mayun 2023 shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin ƴan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta zarce naira 1,000. Gwamnatin Nijar ta rage farashi a watan Yulin 2024, litar fetur ta sauko daga sefa 540 zuwa 499, gazuwal daga 668 zuwa 618, abin da jama'a suka yi maraba da shi. Amma ga direban da ya saba sayen na bakin hanya ƙasa da haka, har yanzu mai ya yi tsada. A watan Maris na 2025 kuma kowa ya ga dogayen layuka a gidajen mai, saboda matatar SORAZ ta Damagaram ita kaɗai ta kasa ɗaukar nauyin kasuwar da a da man sumoga ke cike rabinta ko abin da ya yi kama da haka.

Direban haya ba ya iya ƙara kuɗin mota yadda ya ga dama, don fasinjan ƙauye ba shi da shi. Sai ya nemi ribar ta wata hanya. Ya ƙara mutum biyu a kujera, ya ƙara buhu biyar a sama, ya ɗage juyen mai daga wannan wata zuwa wata mai zuwa. Duk nauyin nan inji ne ke ɗauka. A lokacin ƙarancin mai kuma ana samun masu gauraya fetur da kananzir ko wani abu daban. Irin wannan mai yana kamawa da duka kamar guduma a kan fistan, kuma juwan na cikin abubuwan farko da ke shan dukan.

Na biyu iyaka. Bayan juyin mulkin ran 26 ga watan Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta saka takunkumi, aka rufe iyakar Najeriya da ta Benin. An janye takunkumin a watan Fabrairun 2024, iyakar Ɗan Isa da Jibiya ta buɗe a watan Maris, amma gadar Gaya da Malanbil ta ci gaba da zama a rufe daga ɓangaren Nijar. Duk ɗan Maraɗi ya san abin da tashar jirgin ruwan Kwatano take nufi ga kasuwar motocin gwanjo da injina da kayan gyara. Kaya sun koma bin Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa, cikin ayari da rakiyar soja. Motar da a da mai ita zai sayar ya sauya wata, yanzu dole ya ci gaba da lallaɓa ta. Injin Beljiyam da a da ake cewa “a sayo wani kawai a ɗora” ya zama sai mai hali.

Kuma mu tuna, waɗannan motoci ba da ƙuruciya suke zuwa mana ba. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma. Binciken da hukumomin ƙasar Holan suka yi kan waɗanda ke fita ta tashoshinsu ya nuna galibi shekarunsu 16 zuwa 20 ne. Motar da ta gama rayuwarta ta farko cikin sanyi da kwalta mai santsi, ita ce muke ɗora wa buhunan gero a zafin da ke haura digiri 40.

Sai hanya. Ruwan da aka tafka a daminar 2024, musamman na ƙarshen watan Agusta da ya yi ɓarna da asarar rayuka a cikin birnin Maraɗi, ya bar ramuka da yashi a wurare da dama. Akwai wani kuskure da mutane ke yi, suna ganin motar da ke zirga-zirga tsakanin Tibiri da Maraɗi, ko Jiratawa da Maraɗi, tafiyar da ba ta wuce kilomita goma sha ba, tana hutawa fiye da mai zuwa Yamai. Ba haka ba ne. Mai dogon zango tana gudu, iska na ratsa radiyata tana sanyaya ta. Ta kusa kuwa tsaya-tashi take, a ƙaramar giya, cikin yashi da cunkoson kabu-kabu da adaidaita, da lodi fiye da ƙarfinta, ranar Litinin da Jumma'a na kasuwa sawu kan sawu. Inji na aiki tuƙuru, iska ba ta shiga.

Tamostat da ruwan rijiya

Yanzu mu zo kan abin da ke hannunmu, wanda ba sai an buɗe wata iyaka ba.

A cikin hanyar ruwan inji akwai wata ƴar ƙofa da ake kira tamostat. Tana rufe in inji na da sanyi, ta buɗe in ya kai zafin aikinsa, a motocin Toyota da yawa wajen digiri 82. Al'ada ce a garejinmu, daga nan har Kano, mota na isowa a ciro ta a jefar. In ka tambaya sai a ce maka: “Wanga abu na ƙasar sanyi na, mu nan mi za mu yi da shi?” Ba za mu ce maganar ba ta da tushe ba. Tsohuwar tamostat takan maƙale a rufe, ta dafa inji cikin minti kaɗan, kuma bakaniken da ke bakin hanya ba shi da sabuwa a aljihu, cire ta ne zai kai fasinja gida. Matsalar ita ce dabarar kwana ɗaya ta zama doka. A injina da yawa wannan ƴar ƙofa aiki biyu take: tana buɗe hanyar radiyata, tana kuma toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma cikin inji. In babu ita, wani ɓangare na ruwan zafi sai ya riƙa zagaye a ciki bai je ya huce ba. Da safe da lokacin hunturu inji ya ƙi ɗumama, ya sha mai, ya ci ringi. Da rana tsaka da lodi kuma ya tafasa.

Sai murfin radiyata, abin da ba a ɗauka a bakin komai. Ruwa a tukunya yana tafasa a digiri 100. Murfi mai lafiya yana matse ruwan inji yadda ba zai tafasa ba sai wajen digiri 120. Wannan tazara ita ce ke ceton inji a watan Afrilu. Amma je ka duba motocin tasha: wani murfin robarsa ta mutu, wani na wata mota ne daban, wani ma tsumma ne ko leda aka cusa. Yana cikin mafi araha a duk kayan mota, kuma rashinsa na iya jawo gyaran da ya ninka kuɗinsa sau da yawa.

Ruwan da ake zubawa shi ma abin dubawa ne. Uwar gida ta san farin abin da ke daskarewa a gindin butar da ake dafa ruwa kullum. Abin da ruwan rijiya da na fanfo ke yi a cikin radiyata ke nan, ga tsatsa a kai. Siraran hanyoyin ruwan sai su toshe ɗaya bayan ɗaya, radiyatar da kake gani cikakkiya rabinta ne ke aiki. Ruwan nan mai launi, kore ko ja, da ake sayarwa a galan, mutane na ce masa ruwan ƙasar ƙanƙara. Gaskiya ne yana hana daskarewa, abin da bai dame mu ba, amma babban amfaninsa a nan hana tsatsa ne. In babu halinsa, ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta aka tace ya fi na rijiya. Ruwan leda da wasu ke fasawa suna zubawa suna ganin sun yi wa mota gata, ga ɗan Adam ne yake da tsabta, gishirin ƙasan da ke toshe radiyata yana nan cikinsa.

Ta waje kuma ƙurar hunturu da ƙaiƙayi da ƙwari na liƙe fuskar radiyata. Ga fankar da ba ta tashi, ga bel da ya saki, ga tiyo da aka ɗaure da robar taya. Ga kuma agogon zafi da ya mutu shekara biyu ba wanda ya damu, direba ba ya sanin inji ya yi zafi sai ya ga tururi, lokacin kuwa aikin gama ya gama. Abin da ke biyo baya ya fi muni: a kwarara wa inji mai zafi ruwan sanyi. Ƙarfe mai zafi da ya gamu da sanyi farat ɗaya ko ya lanƙwashe ko ya tsage. Yara da yawa kuma sun ƙone fuska da hannu wajen buɗe murfin radiyata tana tafasa. A kashe mota, a jira ta huce, ko da fasinja za su yi ta mita.

Zubar mai

Yoyon baƙin mai da ƙonewar juwan ƴan gida ɗaya ne. Zafin da ya lanƙwasa kulas shi ne ke busar da robobin da ke tare mai, su yi tauri su tsattsage. Amma akwai wani sanadi da ba a cika dubawa ba. Kowane inji na da hanyar numfashi, wani ɗan tiyo da ke fitar da hayaƙin da ke taruwa a cikin tukunyar mai. In ya toshe da dauɗa, ko ringi suka cinye saboda ƙurar da ke shiga ta matatar iska da ta yage, hayaƙin sai ya matsa, ya tura mai waje ta duk inda ya samu rauni. Ka sauya roba a gaba, ya ɓullo ta baya. Ka shafe da gam, ya ɓullo ta gefe. Gam ɗin da ake lafta wa kuma yakan gutsure ya faɗa ciki ya toshe hanyar mai.

Sai ingancin man kansa. Wanda ake aunawa daga duro a kwalba, ba ka san mafarinsa ba. Wanda ke cikin galan mai suna ma ba a tsira ba, don hukumar kula da ingancin kaya ta Najeriya, SON, ta sha kama jabun man inji, kuma kasuwarmu da tasu ruwa ɗaya suke sha. Wasu direbobi sun ma daina juye gaba ɗaya, suna cewa tun da mota na zubarwa ana ƙarawa, ai kullum sabo ne a ciki. Dauɗar ba ta bin yoyon ta fita, tana nan tana taruwa. Masu lambu a fadamar Gulbi, daga Tibiri har Jiratawa, da ke ban ruwa da ƙananan injina, wannan magana ta mai ta shafe ku ku ma.

Wa ke da laifi?

Da sauƙi a ɗora wa bakanike komai, amma a ganinmu hakan zalunci ne. Gyaran juwan na gaskiya yana da matakai: a kai kulas wurin masu injin gogewa a auna, in ya lanƙwashe a goge shi, a duba ko ya tsage, a wanke ko a sauya radiyata, a duba famfon ruwa, a mayar da tamostat, a sa murfi sabo, sannan a ɗaure notocin kulas bi da bi daga tsakiya zuwa waje, da sifana mai ma'auni, kowane da adadin ƙarfin da kamfani ya faɗa. A wasu injinan notocin ma ba a maimaita su, sau ɗaya ake ɗaurawa. Wannan aikin kwana biyu ne ko uku, kuma kuɗinsa ya fi na sauya juwan kaɗai nesa ba kusa ba.

To wa zai yarda? Mai mota yana tsaye a kan bakanike, gobe kasuwa, akwai zogalen Jiratawa da aka yanka da asuba wanda ba ya jiran kowa. Ya ce: “Maigida, a dai lallaɓa mini ta tashi.” In bakanike ya lissafa masa gyaran gaskiya, sai ya ce ana son a cuce shi, ya ja motarsa zuwa gareji na gaba inda za a ce masa an gama kafin magariba. Bakaniken da ya faɗi gaskiya ya rasa ciniki, wanda ya lallaɓa ya samu, har ma zai sake samu bayan wata uku. Kasuwar da ke saka wa gaggawa haka take haifar da gaggawa.

Wannan ba ya wanke kanikawa duka. Akwai masu ɗaure kulas da dogon bututu da ƙarfin damtse, su ce hannunsu ya san ma'auni. Akwai masu goge kulas da takardar yashi a kan siminti. Akwai masu haɗa juwan biyu don cike lanƙwasa. Akwai wanda zai karɓi kuɗin mai kyau ya sayo na banza a kwali mai kyau. Yaron da ya koyi aiki a irin wannan gareji haka zai koyar da nasa yaran. Amma ko a nan, tambayar da ta kamata ita ce: garejin nawa ne a Tibiri ko Jiratawa ke da sifana mai ma'auni, kuma wa ya taɓa nuna musu amfaninta?

Nan hukuma ke da rawar takawa, kuma ba aiki ne mai cin miliyoyi ba. Maraɗi na da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa, ga cibiyoyin koyon sana'a a ƙananan hukumomi, ga asusun FAFPA da aka kafa domin tallafa wa koyon sana'a. Horon ƴan kwanaki ga iyayen gareji kan hanyar ruwan inji da ɗaurin kulas, tare da kayan awo da ƙungiyar kanikawa za ta riƙe ana aro, zai tsare kuɗin talakawa masu yawa. Hukumar ingancin kaya ta ƙasa, ANMC, da jami'an duwan da na kasuwanci su leƙa shagunan mai da kayan gyara kamar yadda ake leƙa na abinci da magani. Ƙungiyoyin direbobi a tasha su ma suna iya hana motar da agogon zafinta ya mutu ɗaukar layi.

Kada wani ya ce wannan damuwar masu mota ce kawai, mu da ba mu da ko keke ina ruwanmu. A ƙauyuka da yawa mota ɗaya ce ko biyu, ita ce ta kasuwa, ita ce ta biki, ita ce kuma ake bugun ƙofar mai ita da tsakar dare in haihuwa ta zo da gardama a kai mace asibiti Maraɗi. A wasu yankunan Madarunfa da Gidan Runji, inda ƴan bindiga suka addabi jama'a shekarun nan, lalacewar mota a daji da almuru ba maganar asarar kuɗi ba ce kaɗai. Jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, ko ya iso, ba zai shiga ƙauye ya ɗauko mai naƙuda ba. Waɗannan tsofaffin motoci ne za su ci gaba da yi.

Ga ƴan'uwa da ke waje

Da yawa daga cikin motocin nan gumin ƴan ci-rani ne. Wani ya yi shekara uku yana aikin gini a Libiya ko Aljeriya, ya sayi mota ya bar wa ƙane don gida ya samu na cefane. Yau an kira shi juwan, gobe an kira shi mai, jibi juwan kuma. Mun san gidajen da wannan ya raba kan wa da ƙane, ɗaya na ganin ana cinye masa kuɗi, ɗaya na ganin ba a san wahalar hanya ba. Sau da yawa babu maci amana a cikinsu. Kuɗin da aka aiko ne ya isa lallaɓawa, bai isa gyara ba, shi kuma ƙanen yana jin nauyin ya faɗi adadin gaskiya.

In aka sake kiranka, kafin ka nufi wurin aika kuɗi, ka ce a ba ka bakaniken ku yi magana baki da baki. Ka tambaye shi me ya sa injin ya yi zafi tun farko. In amsarsa ita ce “juwan ne ya ƙone”, bai amsa ba. Ka tambaya ko an kai kulas an auna, kuma sau nawa aka taɓa goge shi, domin kowace guga tana rage masa kauri, akwai inda in an kai sai dai a nemi wani. Ka tambaya ko tamostat na ciki, ko agogon zafi na aiki, yaushe rabon da a wanke radiyata, da me za a ɗaure notoci. Bakanike na ƙwarai ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba, daɗi ma zai ji an samu wanda zai bar shi ya yi aiki yadda ya kamata. Ka ce ya faɗi kuɗin duka a dunƙule, har da kwanakin da mota za ta yi ba ta aiki, ka kwatanta da jimillar abin da ka riga ka aika sau biyu ko uku. Mai dawowa gida kuma, ya sayo sifana mai ma'auni ya ba bakaniken gidansu, ta fi wata tsarabar amfani.

Sannan ka ce kada a jefar da tsohon juwan, a ɗauki hotonsa a turo maka ta WhatsApp, a adana shi a gida. In an sake buɗe injin wata rana, a ɗora na biyu a kan na farko. Idan wuri guda suka ƙone, musamman siririn wurin da ke tsakanin ramukan fistan biyu, to akwai lanƙwasa ko rami a kulas ko a bulok daidai nan, kuma sai an kai wurin awo kafin a sayi na uku.